Mai Walda da Shafukan da Aka Tsallake

A layin masu sana'a, tsakanin shagon tela da na mai gyaran fanka, akwai wani shago da har yau in ka wuce za ka ji warin ƙarfe, ko da yake an daɗe ba a kunna wuta a cikinsa ba. Mai shagon shi ne wanda ake kira Tartsatsi. Tun yana saurayi sunan ya bi shi, rabi saboda walda, rabi saboda bakinsa, don mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Ya yi ƙofofi, ya yi tagogi, ya yi gadajen ƙarfe da jikokin masu su ke tsalle a kai har yanzu. Ƙofar cocinsu ma shi ya yi, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka.

Coci kam ba ya fashi, amma zuwan ne kawai. Yakan zauna a bencin baya kusa da taga, wa'azi na yin nisa kansa ya fara lilo, sai matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. Suna da Littafi Mai Tsarki, wanda aka ba su ranar aure. Nasa aikin shi ne ya saƙale shi a hammata zuwa coci, karantawa kuma na matar ne. Ba don bai iya karatu ba. Ya iya, sai dai irin na mai awon ƙarfe: lamba da ɗan gajeren rubutu a jikin bango.

Shekara da shekaru yana walda da baƙin tabarau na kasuwa, yana cewa na aikin ya yi masa nauyi a fuska. Idon hagu ya riga ya fara gani dishi-dishi lokacin da faifan injin yankan ƙarfe ya fashe wata safiya, ɓarɓashi ya shige na dama. Asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu. Ya dawo gida da ido ɗaya a rufe, ɗayan ma bai daɗe ba ya bi sahu. Abin da ya rage masa shi ne ya gane inda taga take da inda bango yake.

Matarsa tana aiki a kicin ɗin wata makaranta. Mace ce mai kawaici, wadda in abu ya dame ta sai ta hau goge tukunyar da ta riga ta goge. Watannin farko ta rasa yadda za ta yi da shi, mutumin da ya cika gida da surutu ya koma kamar buhu a kujera. Wata yamma ta dawo daga aiki, ta wanke hannu, ta jawo kujera kusa da tasa a ƙofar ɗaki, ta ce, "Maigida, tunda ga mu ga lokaci, bari in riƙa karanta maka. Daga farko za mu fara."

Ya ce, "Ki karanta. In na yi barci kada ki zungure ni."

Bai yi barci ba. Abin da ya faru ma ya ba ta mamaki, don wuraren da mutane ke hamma a kai su ne suka kama shi. Da suka zo wajen ƙera babban jirgin ruwan nan na lokacin ambaliya, ya tsayar da ita, ya sa ta maimaita tsawo da faɗi da tsayi, yana aunawa da kamun hannunsa a iska. Da suka zo wajen tantin sujada, da maɗauransa da zobbansa da sandunansa na tagulla, sai ga Tartsatsi ya miƙe zaune sosai. "Tsaya, Maman yara. Zoben a wane gefe aka ce? To sandar ta ina za ta shiga?" Ya haɗa abin a ransa, sannan ya saki murmushin da ta daɗe ba ta gani ba. "Ashe Allah ya san aikinmu. Ni da na ɗauka sai limamai da sarakuna ya sani."

Daga nan aka samu abin yi. Kafin ta ajiye jaka ya riga ya lalubo Littafin ya ɗora a cinya. Yana dariya inda abin dariya yake, yana tsaki inda wani ya yi wauta, yana ba sarakuna shawarar da ba su nema ba. Mutumin nan da aka aike shi gabas ya nufi yamma har ya ƙare a cikin kifi, sai da ya sa ta karanta masa shi har ta gaji. Da safe kuma ya ɗauki sandarsa ya lalubi hanya zuwa shagon Tela, tsohon abokinsa, ya zauna a benci ya ba da labarin jiya da ƙari a kai. Tela yana taka keke yana cewa, "Mutumina, wannan ƙarin naka ba ya ciki." Shi kuma ya ce, "Da ni aka tambaya da yana ciki." Kowa a layin ya shaida makanta ta ba Tartsatsi abin da idanu ba su ba shi ba.

Amma akwai abin da ba wanda ya sani, har matar. A ƙirjinsa akwai rigima da Allah. Ba ya son ta, bai gayyace ta ba, amma tana nan. Ya farka da safe, ya buɗe ido, duhun jiya ya tarar, sai tambayar ta taso: me na yi maka? Ni da na yi maka ƙofa kyauta? Wani lokaci abin har ya wuce tambaya, ya ji da ma ba a haife shi ba. Sai ya danne, ya haɗiye, ya ce na gode Ubangiji da baki, zuciyar kuwa tana can tana huci.

Littafin da yake ƙauna shi ne kuma yake dukansa. Duk mutanen Allah da ya ji labarinsu masu haƙuri ne. Zaburar da ake karanta masa duk yabo ne da dogara. Ga kuma mutumin nan da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, ya zauna cikin toka yana sosa miki. Yadda Tartsatsi ya ji labarin, mutumin ya yi godiya, ya yi shiru, daga baya aka mayar masa ninki biyu. Gajeren labari ne, yamma ɗaya suka gama shi. Tartsatsi ya auna kansa da wannan mutum, ya ga shi ko kusa bai kai ba. Wancan ya rasa komai bai ce uffan ba, shi ido kawai ya rasa yana neman faɗa da Mahaliccinsa.

Saboda haka ya daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a teburin coci. Duk Lahadin da aka shirya teburin, Fasto yakan tunatar cewa kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya taso. Tartsatsi ya bincika, ya tarar da abin da ya sani yana nan, sai ya zauna. Yana jin benci na ƙara, mutane na wucewa ta gabansa, yana jin ƙarar ƙoƙo a kan tire, shi yana riƙe da sandarsa da hannu biyu. Da yana da ido, rabinsa na barci yake cin gurasar nan. Yanzu da yake jin yunwarta har cikin ƙashi, yanzu ne ya ga bai cancanta ba. Matar takan taɓa shi ta ce, "Tashi in kai ka." Ya ce, "Je ki kawai." Ita ta ɗauka kunyar a ja shi a gaban jama'a ce, ba ta matsa ba. Haka aka yi shekaru.

Sai 'yarsu da ke aure a wani gari ta haihu, haihuwar ta zo da wahala, dole uwar ta je ta yi makonni. Kafin ta tafi ta roƙi Tela ya riƙa duba shi. Zancen karatu kuwa cewa ta yi a jira ta dawo. Tartsatsi ya jure kwana biyu, a na uku ya saƙalo Littafin a hammata ya zo shago.

"Tela, ajiye wandon nan ka karanta mini wani abu."

"Ni karatuna da tuntuɓe yake, ka sani."

"Na ji. Nemo mini mutumin nan mai zama cikin toka. Gajere ne, ba zai cinye maka rana ba."

Tela ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya nemo wurin. Ya karanta yadda masifa ta bi masifa, da yadda abokan mutumin suka zo suka zauna tare da shi ba mai magana. Tartsatsi yana gyaɗa kai, ya san nan. Sai Tela ya shiga sura ta gaba, ya karanta yadda mutumin ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi.

Tartsatsi ya ce, "Ka ɓata hanya. Wani wuri ka shiga."

"Ban ɓata ba, shi ne dai."

"Ba shi ba ne. Daga nan sai inda aka mayar masa da dukiyarsa."

Tela ya yi 'yar dariya. "Wane irin mayarwa tun yanzu? Mutumina, ai ba a ma fara ba. Miƙo hannunka." Ya kama yatsun Tartsatsi ya sa masa takardun da ke tsakanin inda suke da ƙarshen labarin. Tartsatsi ya matsa su tsakanin babban yatsa da manuni. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gane kaurin ƙarfe da yatsa, bai buƙaci a gaya masa yawansu ba.

"Duk wannan me ke ciki?"

"Yawanci ƙorafi. Shi yana ƙorafi, abokan suna ce masa ya yi shiru, shi yana ƙarawa."

"Karanta."

Ranar Tela bai ƙarasa wandon ba, washegari ma haka. Ya karanta da tuntuɓensa, Tartsatsi yana zaune ko motsi ba ya yi. Ya ji mutumin Allah yana cewa ransa ya ishe shi. Ya ji shi yana neman Allah ya fito su yi shari'a, yana tambayar laifin me ya yi da aka sa shi a gaba haka. Maganganun da Tartsatsi ya yi shekaru yana haɗiyewa, ga su a rubuce, wasu ma sun fi nasa zafi. A ƙarshe kuma, da Allah ya yi magana, abokan nan masu cewa a yi shiru su aka tsawata wa, mai ƙorafin aka ce shi zai yi musu addu'a. Tela ya ƙara da nemo masa wasu zabura da bai taɓa ji ba, har da wata da mai ita ya fara da kuka ya ƙare da duhu, ba ko kalmar yabo a ƙarshe.

Da mutum zai zaci murna zai yi. Murnar ta zo, amma daga baya, kuma ba ita kaɗai ba. Abin da ya fara zuwa shi ne tunawa. Ya tuna yadda wani lokaci yakan ji takarda ta motsa sau da yawa kafin muryar matarsa ta ci gaba, ya ɗauka shafuka ne suka manne. Ya tuna 'yar tsayawar da takan yi, da gyaran murya, shi yana cewa, "Sha ruwa mana, Maman yara." Ya tuna ranar da ya ce mata labarin nan gajere ne, ta ce, "E, ba shi da tsawo." Idonta biyu, Littafin a buɗe a cinyarta, ta dubi makaho ta ce masa ba shi da tsawo. Da baƙo ne ya yi masa haka da sauƙi. Amma ita ce idonsa. Duk abin da ya sani game da Allah a shekarun nan ta bakinta ya shigo, ashe tace masa ake yi kamar abincin jariri.

Da ta dawo ya bar ta ta huta, ya tambayi mai jego da jaririn, ya ji lafiyarsu. Da yamma ta jawo kujera kamar kullum, ta ɗauki Littafin, tana cewa ta yi kewar zaman nan.

Ya ce, "Tela ya karanta mini mutumin toka."

Ya ji ta rufe Littafin a hankali.

"Duka ya karanta mini. Me ya sa, Maman yara?"

"Maigida, ba don in cuce ka na yi ba."

"Ban tambaye ki abin da ba ki yi don shi ba."

Ta ce, "Ka tuna satin da aka sallamo ka daga asibiti? Ka ɗauka na fita, ina bakin ƙofa. Na ji ka ce da ma faifan nan wuyanka ya samu. Ranar na kwashe wuƙaƙen gidan nan da magunguna na kai wa maƙwabciya. Da na zo wurin nan a karatu, na ga mutumin yana roƙon mutuwa, sai hannuna ya ƙi. Na ce in ka ji mutumin Allah ma ya faɗa, me zai hana ka? Na tsallake. Da na tsallake sau ɗaya, sai na ga ka samu kwanciyar hankali, kana dariya, sai na ci gaba."

"Kwanciyar hankali." Ya maimaita kalmar a hankali. "Kin san me ya sa nake zama in an tashi zuwa teburi?"

"Na ɗauka ba ka son a ja ka a gaban mutane."

"Ni da ake ja har bayan gida a asibiti, wace kunya ta rage mini? Na zauna ne don na ɗauka ni kaɗai ne. Na ɗauka duk cikin mutanen Allah ba wanda ya taɓa jin abin da nake ji, ni ne ɓataccen. Ga su can a ciki, 'yan'uwana, suna kuka irin nawa, kin rufe ƙofa tsakanina da su. Kina kusa da ni a benci, kina ganina, kina tashi ki je ki ci ki dawo."

"Da ka gaya mini."

"Da kin karanta mini."

Ta yi kuka, shi bai yi ba. Gaskiya ita ma tana da tata hujjar, kuma ya sani. Wataƙila ma ta cece shi a watannin farkon nan, wa zai iya rantsewa? Amma watannin farko daban, shekaru daban. Ta saba da tsallakewa har ta manta tana yi, shi kuwa kowane wata yana biyan kuɗin abin a bencin baya. Ta roƙi gafara, ya ce ya yafe, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ya yi kwanaki bai ɗora Littafin a cinya yana jiranta ba, ita ma ba ta yi ƙarfin halin jawo kujerar ba.

Lahadin da aka sake shirya teburi, Fasto ya yi tunatarwarsa. Tartsatsi ya binciki zuciyarsa, ya tarar da rigimar tana nan yadda take, har da sabuwa a kai. Ya ce a ransa, to ga ni, da ita zan zo, in akwai magana mu yi ta a can. Ya miƙe. Matarsa ta yi sauri ta miƙo masa hannu, ya ji tsintsiyar hannunta ta taɓa nasa. Bai kama ba. Ya bi kan benci ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, sandar tana gaba, mutane suna matsa masa, har ya ji gefen teburin a gwiwarsa. Da gurasar ta shiga bakinsa ya kasa haɗiyewa da wuri. Ita tana bayansa a layi, taku biyu tsakaninsu, ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

Yammar ranar ta dawo daga ɗebo kayan shanya ta tarar da shi a ƙofar ɗaki, Littafin a cinya, kujerarta a jawo kusa da tasa. Ta zauna.

Ya ce, "Za mu koma farko. Tun daga farkon farko."

"To, Maigida."

Ta karɓi Littafin ta buɗe, za ta ɗora a cinyarta kamar yadda ta saba. Ya ce ta matso da shi tsakaninsu. Ya lalubo gefen shafin dama, can ƙasa, ya riƙe kusurwar da yatsa biyu.

"In kin kai ƙarshe ki gaya mini, ni zan juya."

Ta dubi yatsun nan masu tabon wuta a kan takardar. Ta buɗe baki za ta ce ba sai ya yi haka ba, ta fasa, don ta san sai ya yi.

Haka suke karatu har yau. Daɗin Littafin ya dawo masa, ya ma fi na da, don yanzu yana da abokan kuka a ciki ba abokan dariya kaɗai ba. Yana tsayar da ita, yana gardama da sarakuna, da safe ya kai wa Tela labari da ƙari a kai. Wanda ya leƙo ya gan su, kai kusa da kai, hannunsa a kan shafinta, sai ya ce kai, tsofaffin nan suna son juna, kuma bai yi ƙarya ba. Ita kaɗai ta san abin da hannun yake yi a wurin. Ba ta sake tsallake ko aya ɗaya ba, har jerin sunayen da ke karya harshe sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci in ta kai ƙarshen shafi takan ɗan jira, ko zai ce ta juya da kanta. Sai ta ji ya ce, "Kin kai?" Ta ce ta kai, shi ya juya.